Naman alade a ƙasar Sin daga 2018 zuwa 2024: yadda manufofin gwamnati suka taɓa farashi da cefanen jama'a

Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasar Sin na watan Nuwamba 2019 sun nuna farashin naman alade ya ƙaru da kashi 110.2 cikin 100 a kan na Nuwamban 2018. Hauhawar farashin kaya gaba ɗaya a wannan wata ta kai kashi 4.5, kuma fiye da rabinta daga wannan nama ɗaya ta fito. Shekara biyu bayan nan masu kiwo suna sayar da aladu ƙasa da abin da suka kashe musu. A Nuwamba 2023 farashin naman ya faɗi da kashi 31.8, har ya taimaka wajen jan ma'aunin hauhawar farashin ƙasar zuwa ƙasa da sifili. A duk tsawon wannan lokaci gwamnati ba ta taɓa janye hannunta daga kasuwar ba. Abin dubawa shi ne wane mataki ne ya motsa farashi da gaske, wanne ne ya tsaya ga kwantar da hankali kawai, kuma me masu saye suka yi kafin matakan su iso gare su.

Sin ce ke kiwon kusan rabin aladun duniya, ita ce kuma ke cin kusan rabin namansu. A 2018 ta samar da tan miliyan 54, wato kusan tan 148,000 a kowace rana. Naman alade ya kai kusan kashi 60 cikin 100 na duk naman da ake ci a ƙasar. Shi ya sa hukumomi a Beijing suke sa ido kan farashinsa kamar yadda suke sa ido kan hatsi.

Tsawon lokacin da alade ke ɗauka

Duk abin da ya faru ya rataya ne a kan lissafi guda na kiwo. Alade mace tana ɗaukar ciki kwana 114. Ana yaye 'ya'yan bayan mako uku zuwa huɗu, sannan a yi ta ciyar da su har su kai kilo 110 zuwa 120, wanda yake ɗaukar kusan wata shida daga haihuwa. Ke nan daga barbara zuwa mayanka wata goma ne. In kuwa uwar ce ta mutu, sai an reni ƙaramar mace ta kai wata bakwai ko takwas kafin a yi mata barbara, lissafin ya koma kusan wata 18. Naman da ke kan teburin mahauci yau sakamakon shawarar da mai kiwo ya yanke ne bara ko bara waccan. Babu dokar da za ta gajarta wannan lokaci, kuma duk matakin da aka ɗauka saboda farashin yau, sai farashin ya riga ya canza sannan amfaninsa zai fito.

Abin da aka shuka kafin cutar

Cutar zazzaɓin aladu ta Afirka ta bayyana a birnin Shenyang na lardin Liaoning a farkon Agusta 2018. Ba ta kama mutane, amma tana kashe kusan duk aladen da ta kama, kuma a lokacin ba ta da allurar rigakafi da aka amince da ita. Ƙwayar cutar tana daɗewa da rai a cikin nama, musamman daskararre, tana kuma bin tayoyin mota da takalman ma'aikata da ragowar abincin gidajen cin abinci da ƙananan masu kiwo ke bai wa aladu.

Cutar ta tarar da ƙasar a wani yanayi da manufofin gwamnati suka gina. Daga 2014 aka fara aiki da dokar hana gurɓata muhalli daga manyan gidajen kiwo, a 2015 kuma aka fito da shirin tsabtace ruwa wanda ya umurci a rufe ko a ɗauke gidajen kiwon da ke yankunan da aka haramta kiwo kafin ƙarshen 2017. Dalilin yana da ƙarfi, domin kashin aladu yana lalata koguna da tafkuna a kudancin ƙasar. Sai dai ƙananan hukumomi da yawa sun faɗaɗa yankunan haramcin fiye da abin da doka ta ce, saboda gidan kiwo ba ya kawo musu harajin kirki, sai wari da ƙorafi. Tsarin kiwon aladu na 2016 zuwa 2020 ya ƙarfafa a mayar da kiwo arewa maso gabas, inda masara take. Masu ci kuwa suna nan a kudu da gabar teku, kuma sun fi son naman da aka yanka da asuba aka kawo kasuwa da ɗuminsa. Sakamakon haka shi ne manyan motoci ɗauke da aladu masu rai suna tafiyar dubban kilomita. Kafin ƙarshen Afrilu 2019 cutar ta shiga kowane lardi na babban yankin ƙasar, har tsibirin Hainan.

Diyyar da ta hana faɗin gaskiya

Matakan farko su ne waɗanda kowace ƙasa za ta ɗauka: a kashe aladun da ke wurin da cutar ta ɓulla, a killace yankin, a hana fitar da aladu masu rai daga lardin, a hana ciyarwa da ragowar abinci. An sa diyyar yuan (kuɗin ƙasar Sin) 1,200 a kan kowane aladen da aka kashe. A nan ne tsarin ya fara tsagewa, ta fuska biyu.

Ta fuskar mai kiwo, aladen kilo 110 a farashin yuan 13 zuwa 14 na ƙarshen 2018 ya kai kusan yuan 1,500, uwa mai haihuwa kuwa ta fi haka nesa. Da farashi ya tashi a 2019, diyyar ba ta kai ko rabin darajar dabbar ba. Ta fuskar hukuma kuma, gwamnatin tsakiya kaso kawai take biya, sauran a wuyan lardi da gunduma yake. Gundumar da ta tabbatar da cutar ta jawo wa kanta bashin diyya, da rufe kasuwa, da tambayoyi daga sama. Saboda haka mai kiwon da ya ga aladunsa sun fara zazzaɓi ya fi masa sauƙi ya kira dillali ya sayar da garken duka cikin dare a kan kowane farashi, jami'in gunduma kuma ya kau da kai. Aladun da gwamnati ta ce an kashe saboda cutar ba su wuce kimanin miliyan 1.2 ba, amma garken ƙasar ya ragu daga miliyan 428 a ƙarshen 2018 zuwa miliyan 310 a ƙarshen 2019.

Wannan sayarwar tsoro ta ɓoye ƙarancin da ke tafe. Nama ya cika kasuwa, wasu masu saye kuma sun ja baya saboda fargabar cutar, don haka a watannin farko na 2019 farashin sari bai wuce kusan yuan 20 a kilo ba. Hana jigila ya raba ƙasar gida biyu: a arewa maso gabas aladu sun taru babu mai saye, farashi ya faɗi, masu kiwo suka rage iyaye mata, a kudu kuwa farashi ya ɗaga. Wanda ya kalli matsakaicin farashin ƙasa a lokacin zai ɗauka lafiya lau ake. Alhali iyayen da aka yanka a wannan hunturu su ne naman da aka rasa wata goma bayan nan. Daga Yuni 2019 farashi ya fara hawa, a Agusta ya yi tsalle, a farkon Nuwamba sari ya wuce yuan 50 a kilo.

Rumbun daskararren nama

Sin tana da rumbun ajiyar naman alade na gwamnati, wanda aka tsara dokokinsa a 2007 bayan wata annobar aladu ta tayar da farashi. Ana ajiye naman a ɗakunan sanyi, ana sabunta shi duk bayan 'yan watanni don kada ya tsufa, in an tashi fitarwa kuma a yi gwanjo ga kamfanonin da suka yi rajista. A Satumba 2019, gab da bikin cika shekara 70 da kafa Jamhuriyar Jama'ar Sin, an fitar da tan 10,000 sau uku. A Disamba, da bikin bazara, wato bikin sabuwar shekarar gargajiya ta Sin, ya ƙarato, aka ɗaga zuwa tan 40,000 a lokaci guda.

A auna wannan da cin ƙasar. In ana cin tan 148,000 a rana, tan 10,000 bai kai cin awa biyu ba. Giɓin da aka samu a 2019 kuwa ya haura tan miliyan 11, domin abin da aka samar ya sauka zuwa tan miliyan 42.55. Babu rumbun da zai cike wannan. Ga kuma matsalar irin naman: magidanci a kasuwa ɗanyen nama yake nema, daskararre yawanci masana'antun sarrafa nama da ɗakunan cin abinci na makarantu da ma'aikatu ne ke saye. Amfanin rumbun na gaske yana wajen 'yan kasuwa. Sanarwar gwanjo tana gaya wa mai riƙe da aladu ko nama a ɗakin sanyi cewa gwamnati ta sa ido, sai ya saki kayansa maimakon ya jira ƙarin tsada. Wannan yana iya rage kaifin tashi na mako ɗaya ko biyu kafin biki. Ba ƙaramin abu ba ne, amma iyakarsa ke nan, kuma kuskure ne a ɗora masa fiye da haka.

Abin da masu saye suka yi

A birnin Nanning na yankin Guangxi, daga farkon Satumba 2019, an ware rumfuna a wasu kasuwanni da ke sayar da nama da ragin aƙalla kashi 10 cikin 100, amma mutum ba zai sayi fiye da kilo ɗaya a rana ba. Iyakar kilo ɗayan ita ce ke nuna inda ƙayyade farashi yake kaiwa: in an sauke farashi ba a ƙara kaya ba, dole a raba da layi ko da ma'auni. Wasu larduna sun bi ta wata hanyar da ta fi dacewa, wato biyan tallafin kuɗi na wucin gadi ga masu ƙaramin ƙarfi duk watan da hauhawar farashi ta wuce wani mizani. Wannan bai taɓa farashin kasuwa ba, ya bar iyali su zaɓi abin da za su saya.

Kuma sun zaɓa. Binciken hukumar ƙididdiga kan cin gidaje ya nuna naman aladen da mutum ɗaya ke ci a gida ya sauka daga kilo 22.8 a 2018 zuwa 20.3 a 2019, sannan 18.2 a 2020. Na kaji da agwagi ya tashi daga kilo 9 zuwa 12.7 a tsakanin waɗannan shekaru. Kajin nama suna isa yanka cikin kwana 40 da 'yan kai, shi ya sa masu kiwonsu suka riga kowa amsa kiran kasuwa, naman tsuntsaye ya ƙaru daga tan miliyan 19.94 a 2018 zuwa 22.39 a 2019. Naman shanu da na tumaki da ƙwai duk sun yi tsada saboda masu gudowa daga alade.

Abubuwa biyu ne a cikin waɗannan alƙaluma. Farashi ya ninka, amma ci a gida ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar ne kawai, wanda ke nuna jama'a ba sa barin wannan nama da sauƙi, kuma shi ya sa ƙaramin giɓi ke haifar da babban tsalle a farashi. Na biyu, ragin bai faɗa kan kowa daidai ba. Mai albashi mai kauri ya ci gaba da saye, wanda ya rage shi ne mai ƙaramin ƙarfi, sai masu dafa abinci na ma'aikatu da suka musanya alade da kaza a tukunya. Da farashi ya faɗi a 2021, cin gida ya haura zuwa kilo 25.2, fiye da yadda yake kafin cutar. Ke nan tsada ce ta kore su, ba ɗanɗano ne ya canza ba.

Shigo da nama daga waje

An shigo da tan miliyan 1.19 a 2018, tan miliyan 2.11 a 2019, sai miliyan 4.39 a 2020. Daga 1 ga Janairu 2020 aka rage harajin daskararren naman alade daga kashi 12 zuwa 8 cikin 100, aka kuma amince da ƙarin mayankun ƙasashen waje. Amma a daidai lokacin da ake neman naman, rikicin ciniki da Amurka ya kai harajin naman Amurka kashi 72 cikin 100, sai daga baya aka sassauta. A Satumba 2020 kuma aka dakatar da naman Jamus bayan an samu cutar a aladun dajinta, Sifaniya da Burazil suka ci moriyar hakan. Ko a shekarar da aka fi shigowa da shi, naman waje bai wuce kusan kashi 10 cikin 100 na cin ƙasar ba, domin duk cinikin naman alade tsakanin ƙasashen duniya bai kai girman giɓin Sin ba.

Tallafin kiwo da ambaliyar da ta biyo baya

Matakin da ya juya kasuwar da gaske ya fara ne a ƙarshen Agusta 2019, lokacin da majalisar gudanarwar ƙasar a ƙarƙashin Firaminista Li Keqiang ta umurci ƙananan hukumomi su soke duk haramcin kiwon da ya wuce doka. Daga Satumba aka biyo da jerin matakai: tallafin gini na yuan 500,000 zuwa miliyan 5 ga manyan gidajen kiwo, rangwamen kuɗin ruwa a kan bashi, ɗaga inshorar uwar alade zuwa yuan 1,500, yafe kuɗin hanya ga motocin da ke ɗaukar 'ya'yan aladu da naman sanyi, da sassauta dokar filaye har aka yarda a gina gidajen aladu masu benaye. An ɗora wa shugabannin larduna alhakin farfaɗo da kiwo, aka sa burin ƙasar ta riƙa samar da kusan kashi 95 cikin 100 na naman da take ci.

Tallafin ya zo ne a lokacin da farashi shi kaɗai ya isa ya ja kowa cikin harkar. Alade mai rai ya kai kusan yuan 40 a kilo a ƙarshen Oktoba 2019, ninki biyu da ɗoriya na kuɗin kiwonsa. Kamfanin kiwon aladu na Muyuan ya ci ribar sama da yuan biliyan 27 a 2020. Manyan kamfanoni suka ci bashi suka yi ta gini. Da yake iyaye na asali sun yi ƙaranci, masu kiwo suka riƙa tsame mata daga cikin aladun yanka suna mayar da su iyaye, duk da cewa ba su kai na asali yawan 'ya'ya ba. Wasu suka riƙe aladu har suka wuce kilo 150 suna jiran ƙarin farashi, wasu kuma suka riƙa sayen aladun da suka isa yanka su sake ciyar da su. Kowane mai kiwo lissafinsa daidai yake in shi kaɗai ne ke yi. Matsalar ita ce kowa ya yi a lokaci guda, kuma gwamnati tana ƙara tura su.

Garken ya koma miliyan 406 a ƙarshen 2020, iyaye mata suka kai miliyan 45.64 a Yuni 2021. Farashin alade mai rai ya zube daga kusan yuan 36 a Janairu 2021 zuwa yuan 11 ko 12 a farkon Oktoba. A gefe guda kuma aladun da aka ƙara sun tayar da farashin abincinsu. Masara ta tashi daga kusan yuan 1,900 a tan a farkon 2020 zuwa kusan 2,800 a farkon 2021, a daidai lokacin da tsohon rumbun masarar gwamnati ya yi ƙasa, shigo da ita kuma ya kai tan miliyan 28 a 2021. Abinci shi ne kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin kiwo, masara kuma ita ce mafi yawan abincin. Kamfanin kiwo na Wens ya yi asarar sama da yuan biliyan 13 a 2021, na Zhengbang kusan biliyan 19, daga baya ya shiga shirin sake fasali a kotu.

Sabon ma'auni, da inda yake gazawa

A Yuni 2021 hukumar raya ƙasa da gyare-gyare ta sabunta tsarin gargaɗinta, wanda ke kwatanta farashin kilo ɗaya na alade mai rai da na kilo ɗaya na masara. An ɗauki 7 da 1 a matsayin inda ba riba ba asara. In ya sauka ƙasa da 6 da 1 ana ba da gargaɗi mafi sauƙi, in ya yi mako uku a jere tsakanin 5 da 6 ana ɗaga gargaɗin, in ya faɗi ƙasa da 5 da 1 kuma gwamnati ta fara sayen nama zuwa rumbu. Ta ɓangaren tsada, gargaɗi yana farawa daga 9 da 1, mafi tsanani a sama da 12 da 1. A misali, in masara tana yuan 2.8 a kilo, alade yana buƙatar yuan 19.6 kafin ya kai 7 da 1. In ana sayensa yuan 12, ma'aunin ya koma 4.3 da 1, kuma a kan alade mai kilo 120 tazarar ta haura yuan 900. An fara sayen nama zuwa rumbu a Yuli 2021, a farkon 2022 kuma aka mayar da harajin shigo da daskararren nama kashi 12.

Raunin wannan ma'auni shi ne farashin yau yake karantawa, don haka a kullum ihu bayan hari yake yi. Gyaran da ya fi muhimmanci shi ne na ma'aikatar aikin gona a Satumba 2021, wadda ta koma ƙirga iyaye mata, tun da su ne ke nuna naman wata goma masu zuwa. An sa mizanin miliyan 41, da ƙasan da ba a son a wuce na miliyan 37, aka raba yanayin zuwa kore da rawaya da ja gwargwadon nisan garken daga mizanin.

Bai kawar da hawa da sauka ba. Asarar 2021 ta sa an yanka iyaye, alade mai rai ya sake kaiwa kusan yuan 28 a Oktoba 2022, aka koma fitar da nama daga rumbu, aka kira manyan kamfanoni aka gargaɗe su kan riƙe kaya. A 2023 aka samar da tan miliyan 57.94, farashi ya kwanta kusan duk shekara. Wannan karon faɗuwar ta daɗe saboda yanayin masu kiwon ya canza. Gidajen da ke fitar da aladu 500 ko fiye a shekara ba su kai rabin kasuwa ba a 2018, a 2023 sun kai kusan kashi biyu cikin uku. Ƙaramin mai kiwo in ya yi asara yakan sayar da uwar aladensa ya bar harkar, sai kaya su ragu. Kamfanin da ya gina bene da bashin banki ba zai bar shi fanko ba, gara ya ci gaba da kiwo a kan asara ya samu abin biyan kuɗin ruwa. Ga shi kuma kowace uwa yanzu tana yaye 'ya'ya fiye da da, yawan jama'ar ƙasar ya fara raguwa tun 2022, tsofaffi kuma ba sa cin nama kamar matasa. Miliyan 41 na 2021 ya zama ya yi yawa cikin ƙasa da shekara uku, a Maris 2024 ma'aikatar ta sauke mizanin zuwa miliyan 39, ta kuma faɗaɗa ƙasan yankin kore daga kashi 95 zuwa 92 cikin 100 na mizanin domin a bar garken ya ragu ba tare da an tayar da gargaɗi ba.